Ƙauyen da Mai Reza Ya Kankare

Shekara arba'in da ɗaya ke nan Mai Reza yana cewa amin a kan muguwar addu'ar da ake yi masa, kuma bai taɓa fashi ba.

Matarsa ce mai addu'ar. Inna, kamar yadda kowa ke kiranta har da shi kansa tun da yara suka fara magana, ba muguwar mace ba ce, don haka addu'o'inta ba na kisa ba ne, na cin rai ne kawai. Tana cikin wanke-wanke sai ƙauyensu ya faɗo mata a rai, ta ajiye kwano ta ce, "Duk wanda ya goge mu daga taswira, Allah ya sa takalminsa ya riƙa matse shi." Wata rana ta roƙa masa shayin da zai huce kafin ya kai baki, wata rana kuma sauro ɗaya tak a cikin gidan sauronsa. Sannan ta waiwayo.

"Malam, ban ji ka ce amin ba."

"Amin," in ji Mai Reza, yana motsa yatsun ƙafarsa a cikin takalmi.

A zatonta wani babban soja ne mai tumbi da taurari a kafaɗa ya yi aikin. Babban sojan dai shi ya ba da umarni, wannan gaskiya ne, amma manyan sojoji ba sa sunkuyawa a kan tebur. Wanda ya sunkuya saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, sabon ɗauka a ofishin safiyo, inda ake auna ƙasa a zana taswira, mai wando ɗaya da rawar kai mai yawa.

A wancan zamani da hannu ake zana taswira. Kowane yanki yana da uwar taswira, wato wata takarda mai kauri da faɗin tabarma, wadda daga jikinta ake buga duk sauran. In an yi sabon titi, a ƙara shi da tawada. In wani abu ya bar duniya, a kankare shi da reza. Sababbin ma'aikata ake ba wannan aiki, domin manya suna ganin sun wuce shi. Shi kuwa Allah ya ba shi hannu. Yakan kankare tawada ya bi wurin da bayan cokali ya goge, har mai gilashin ƙara girma ya rasa inda aka taɓa. Daga nan sunan ya samo asali, ya bi shi har ritaya.

Da soja suka kewaye wani ƙaton daji da waya mai ƙaya don koyon harbi, suka kwashe mutanen ciki a manyan motoci, sai suka bi ofis-ofis suna tattara tsofaffin taswirorin wurin. Sannan aka aiko da takarda cewa a cire ƙauyen da ke tsakiya daga uwar taswira. Kwana biyu Mai Reza ya yi a kai. Gida talatin da 'yan kai, rijiya, hanyar ƙafa, da sunan ƙauyen harafi bayan harafi. Ya bar rafi, ya bar jajayen layukan nan masu nuna tudu da kwari, tunda su ba a ce sun tashi ba. Shugaban ofis ya duba ya buga masa kafaɗa, ya ce ko shi ba zai yi wanda ya fi haka ba. Ranar har gida Mai Reza ya tafi yana fito.

Bayan shekara biyar ya haɗu da Inna. A zuwansa zance na uku ya tambaye ta ina ne asalinsu, ta faɗi sunan. Ruwa yake sha a lokacin. Ya sarƙe, ya yi ta tari har ƙannenta suka leƙo, ita kuma ta ɗauka tausayi ne ya kama shi, ta ƙara jin ya kwanta mata a rai. Ya ce zai gaya mata bayan aure. Bayan aure ya ce sai ta haihu. Da ta haihu ya ce mai jego ba ta son tashin hankali. Haka dai har aka yi 'ya'ya shida, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya zo da ranar da ta dace.

Yaran suka taso suka mayar da ƙauyen abin tsokana. Su buɗe taswirar makaranta su ce Inna ta nuna musu garinsu. Daga baya da waya ta zo, su ja hoto da yatsa su ce, "Inna, ga daji, ga rafi, ina gidanku?" Auta, wadda ta fi kowa baki, ita ta yanke hukunci cewa Inna daga sama ta faɗo. Inna takan yi dariya ta jefe su da ludayi, amma Mai Reza ya san dariyar matarsa kala-kala, kuma wannan ba ta cikin masu daɗi.

Autar ce dai, yanzu tana aikin jinya tana da 'yar motarta, ta zo da labarin ranar wata Lahadi. Soja za su buɗe ƙofa na yini ɗaya ga waɗanda aka haifa a cikin dajin. Sharaɗi ɗaya ne: kowa ya je ofishin safiyo ya nuna a taswira daidai inda gidansu yake, domin sai an fara shiga an share wurin daga harsasan da ba su fashe ba, kuma ba za a share daji sukutum don mutum ɗaya ba. Wani kyaftin zai zauna a ofishin daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda bai nuna ba, ba izini.

Inna ta zauna a bakin kujera ta riƙe gefen zanenta. Shekararta tara aka ɗora ta a motar nan, ba ta sake ganin wurin ba. Ta dubi mijinta, fuskarta cike da yarda.

"To, Malam, ranarka ta zo. Shekara talatin da biyar kana cin abinci da taswira. Sai ka nemo mini garinmu."

Mai Reza ya kawar da kai. Ya ce ai abu ne mai sauƙi.

Litinin ya tashi da ciwon baya. Talata tabaraunsa suka ɓace, aka yi ta nema har yamma, Auta ta same su a cikin aljihun rigar da ke jikinsa. Laraba ya ce ranar cunkoso ce. Alhamis ya tsaya a tsakar gida yana nazarin wani ɗan gajimare da bai fi tafin hannu ba, ya ce bai yarda da shi ba. Ranar Juma'a da rana Auta ta faka mota a ƙofar gida, ta shigo da kayan aikinta, ta ce tunda bayan ya ƙi daɗi, ta zo da allura. Kafin ta buɗe jaka ya riga su shiga mota.

Ɗakin ajiyar taswirori yana hawa na biyu, kuma ba abin da ya canja a cikinsa sai kwanan wata. Ga dogayen kabad na ƙarfe masu faffaɗan aljihu, ga warin tsohuwar takarda, ga fankar da ke juyawa tana ƙara kamar ana mata dole. Ma'ajiyar ɗakin, matar da ke kula da taswirorin, ta taso da gudu da damin makullai a hannu. Shi ya koya mata riƙon alƙalami tana yarinya, yanzu ga furfura ta leƙo daga ɗankwalinta.

"Baba Mai Reza, yau kai ne a ɗakinmu? Mama, sannu da zuwa. Ku zauna, ku zauna."

Kyaftin ɗin yana ƙarshen dogon tebur, yaro ne sa'an ɗansu na uku, mai ladabi da gajiyar kwana biyar a idonsa. Ya miƙe ya gaida Inna, ya shimfiɗa mata taswirar dajin, ya danne kusurwoyin da rula da kofin shayi. Inna ta saka tabarau ta sunkuya. Ba ta taɓa karanta taswira ba, amma ta zo da niyyar ba za ta bari a gane ba.

"Ina rijiya?"

"Babu rijiya a nan, Mama."

"To ina muke shan ruwa?"

Kyaftin ya yi murmushi ya ce abin da ke takarda kawai ya sani. Inna ta fara kwatance. In ka bar rijiya ka ba rafi baya, ka bi hanya, akwai gidan maƙeri, akwai gidan wata mata mai awaki masu shiga gonar mutane, sai nasu. Ta ɗora yatsa a tsakiyar takardar ta ce nan ne, ko nan, ko dai ɗan gaba kaɗan.

"Mama," in ji Kyaftin, "abin da yatsanki ya rufe kaɗai, wata guda za mu yi muna sharewa. Kuma kin motsa shi sau uku."

Ma'ajiya ta ce bari a nemo tsohon bugu. Ta jawo aljihun da ya kamata, ba komai a ciki sai wata 'yar takarda da ta koma ruwan ƙasa, mai cewa an karɓe duka. Ta ce wataƙila ɗaya ta ɓuya a wani wuri. Nan fa Mai Reza ya naɗe hannun riga. Ba a taɓa ganin dattijo mai ciwon baya ya yi aiki irin na ranar ba. Ya jawo wannan aljihu ya tura wancan, ya duba taswirar bakin teku, ya duba ta hanyar jirgin ƙasa, ya hure ƙura yana girgiza kai yana tsaki. Ya san babu. Da hannunsa ya ɗaure damin da aka miƙa wa soja. So yake kawai agogon bangon nan ya kai huɗu a tashi, a ce an yi iya ƙoƙari.

Saura minti ashirin Kyaftin ya fara haɗa takardunsa. Mai Reza ya shirya wa faɗa. Ya shirya wa sabuwar addu'a, har ya tanadi amin ɗinsa. Amma Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau, ta naɗe su a hankali, ta saka a jaka.

"Ba komai, ɗana. Ka yi haƙuri mun ɓata maka lokaci. Dama ba wani abu zan ɗauko ba. So nake in tsaya a wurin kawai, in san ba mafarkinsa na yi ba."

Ta juya ta ce wa mijinta, "Sannu, Malam. Ka sha ƙura saboda ni."

Wannan sannun ita ta karya shi. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, da tausayin matar nan da ta yarda da shi fiye da yadda ya cancanta. Ya ji bakinsa yana magana kafin ya ba shi izini.

"'Yata, ɗauko uwar taswira," ya ce wa Ma'ajiya.

"Baba, ai daga jikinta aka buga wannan. Duk ɗaya ne."

"Ɗauko dai."

Ta shiga ƙuryar ɗaki ta fito da ita a rungume. Suka warware ta a tebur, kuma gaskiyar Ma'ajiya ce: daji, rafi, layukan tudu, ba ƙari. Kyaftin ya dubi agogo. Mai Reza ya ce a kashe fitila. Ya kama kusurwa biyu, ya ba Auta biyu, suka ɗaga takardar suka manna ta a jikin gilashin babbar tagar yamma, inda rana ke dukan ɗakin.

Takarda mai kauri ba ta barin haske ya wuce. Amma inda reza ta ci, ta yi siriri, kuma wannan abu ne da sai mai kankarewa ya sani. A tsakiyar dajin da babu kowa, ƙananan tabo masu kusurwa huɗu suka fito suna haske, a jere, a cunkushe, wasu sun ware gefe. Ga wani zagaye guda. Ga siririn layi ya fita daga zagayen ya ratsa tsakaninsu ya gangara rafi. A sama kuma ga tabo bakwai a layi ɗaya, inda suna yake.

Mai Reza ya yi nuni da haɓa.

"Zagayen nan rijiya ce," ya ce. "Layin hanya ce. Sauran gidaje."

Inna ta matso ba tare da ta nemi tabarau ba. Ta ɗora yatsa a rijiya, ta ba rafi baya, ta bi hanya. Ta wuce maƙeri. Ta wuce mai awaki, har da ɗan tsaki. Yatsan ya tsaya a kan tabo na uku, wanda ya fi duk sauran haske, don shi saura ƙiris ya huje.

"Ga mu nan," ta ce. "Auta, zo ki ga saman da na faɗo."

Auta ba ta iya sakin takardar ba, ta dai leƙo, idonta ya kawo ruwa.

Kyaftin ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo. A fuskarsa an ga yana so ya yarda, amma soja ne, kuma mutane zai tura su taka ƙasar da ke iya tashi da su.

"Baba, abin ya burge ni. Sai dai tsohuwar takarda ce. Gara na ci, danshi na ci. In na rubuta cewa tabo na gani a taga, manyana za su ce rana ta buge ni. Sai in da wanda zai sa hannu cewa ya san waɗannan gidaje ne, ya gan su da tawadarsu kafin a cire."

Mai Reza ya dubi ƙofa. Tana da nisa, kuma yana riƙe da kusurwa biyu.

"Ni na gan su."

"A ina, Baba?"

"A ƙarƙashin hannuna. Ni na kankare su. A juya bayanta, a duba ƙasa ta dama."

Aka kwantar da takardar aka juya. Ga layin gyare-gyare, kowane da kwanan wata. Ma'ajiya ta bi da yatsa ta karanta: an cire ƙauye bisa umarni. A gefe ga sa hannu mai doguwar jela, irin ta saurayin da ke ji da kansa. Inna ta sunkuya ta duba. Ta san jelar nan. Tana kan katin asibitin haihuwa shida da takardun makaranta ba adadi.

Auta ce ta fara motsi. Ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, hawayen ɗazu bai ma bushe ba.

"Baba, duk shekarun nan, kai ne kake cewa amin?"

"Ke, ana maganar manya," in ji Mai Reza.

Ma'ajiya ta ga lallai akwai wani aljihu da ke bukatar rufewa a can ƙarshen ɗaki. Kyaftin ya duƙufa a kan rula kamar an ce masa za ta gudu. Ya sa aka sake ɗaga takardar, ya auna daga kwanar rafi zuwa tabo na uku, ya mayar da awon kan tasa taswirar, ya ɗiga jan alƙalami. Ya rubuta lambobi a takardar izini, ya miƙa wa Mai Reza ya sa hannu a matsayin shaida. Jelar ta fito a karkace. Kyaftin ya buga hatimi, ya miƙa wa Inna da hannu biyu, ya ce nan da mako uku, ƙarfe bakwai na safe, a babbar ƙofa.

Inna ta yi masa godiya ta sa masa albarka. Ta yi wa Ma'ajiya godiya. Ta ninke takardar gida huɗu ta ɗaure a bakin zane. Mijinta kuwa ko kallo bai samu ba.

Auta ta yi gaba wai za ta juyo da mota, alhali motar a juye take. Suka rage su biyu a matakala. Inna tana gaba tana sauka ɗaya bayan ɗaya saboda gwiwa, shi yana baya da taku biyu. Ya buɗe baki ya ce umarni ne aka ba shi. Shiru. Ya ce a lokacin bai san ta ba. Shiru. Ya ce ya so ya faɗa, sau da yawa ya so. Tsoro yake ji na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya fara zuwa gaban iyayenta, domin bai taɓa ganin Inna ta yi minti biyar ba magana ba.

A kwanar matakala ta tsaya ta dafa ƙarfe. Ba ta waiwayo ba.

"Namu ya fi na kowa haske. Me ya sa?"

Ya yi tunanin ƙarya, ya ga ya ƙarar da rabonsa.

"Ya ƙi fita ne. Tawadar ta kama takarda ƙam. Sauran duk shara ɗaya ko biyu, sun tafi. Shi kuwa sai da na canja reza uku, na kusa huda takardar. Har zaginsa na yi, ki yafe mini."

Sannan ya ga ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka kawo wa saƙon gida.

"Babana ke nan," ta ce. "Shi ne na ƙarshe da ya hau motar. Sai da soja huɗu suka ɗaga shi."

Ta miƙo hannu ta baya, ba tare da ta dube shi ba, ya kama, suka ci gaba da sauka.